Ƙwallon Jami'a a Arewa: Tarihi, Hamayyar Magoya Baya da Gurbin Haɗejiya

A yammacin kowace Asabar da Lahadi gidajen kallon ƙwallo na garin Haɗejiya sukan cika maƙil da matasa, kamar yadda abin yake a Malam Madori, Kafin Hausa, Auyo da sauran garuruwan da ke kwance a gefen kogi. Ana gardama a kan Arsenal da Manchester United, ana musu a kan Real Madrid da Barcelona, har wanda ƙungiyarsa ta sha kashi ya yi kwana biyu yana kauce wa majalisa. Sai dai a masarautar da ke da jami'a da kwalejin kimiyya da fasaha, da wuya a ji sunan ƙungiyar wata makaranta ya shigo cikin irin wannan gardama.

A wasu ƙasashen kuwa, wasan da jami'a biyu za su buga yakan tsayar da harkokin gari ɗungurungum. Wannan bayani ya bi diddigin yadda wasannin jami'a suka faro, yadda suka shigo Arewacin Nijeriya, inda hamayyar magoya baya ta fi zafi, da kuma dalilan da suka sa yankin Haɗejiya yake gefe har yanzu.

Inda abin ya yi ƙarfi

Gasa tsakanin manyan makarantu tsohuwar al'ada ce a Ingila. Jami'o'in Oxford da Cambridge sun fara tseren kwalekwale a tsakaninsu a shekarar 1829, kuma har gobe ana yin sa a kogin Thames. A Amurka, an buga wasan ƙwallo na farko tsakanin manyan makarantu biyu ranar 6 ga Nuwamba, 1869, inda Rutgers ta doke Princeton da ci 6 da 4. Daga wannan tushe ne ƙwallon Amurka ta fito, wadda ake rungumar ƙwallon a hannu ana ture-ture, saɓanin tamaular da aka sani a nan.

Wasan ya yi muni a farkon ƙarni na 20, 'yan wasa suna karairayewa, wasu ma suna rasa rayukansu, har sai da Shugaba Theodore Roosevelt ya sa baki a 1905. Hakan ya kai ga kafa hukumar da daga baya ta zama NCAA a 1906, wadda ke tsara wasannin jami'o'in ƙasar. A yau filin wasa na Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum fiye da 107,000, kuma hamayyarta da Jami'ar Jihar Ohio ta faro ne tun 1897.

Hamayyar tana da nata duhun. Bayan wasan shekarar 2010 tsakanin jami'o'in Alabama da Auburn, wani mai goyon bayan Alabama ya zuba guba a gindin wasu tsofaffin bishiyoyi da magoya bayan Auburn suke taruwa ƙarƙashinsu idan sun yi nasara. Bishiyoyin sun mutu, shi kuma ya sha ɗauri. Ta fuskar kuɗi, jami'o'in sun daɗe suna tara maƙudan daloli ba tare da 'yan wasan sun ga ko sisi ba, sai a watan Yulin 2021 aka ba ɗalibai damar samun kuɗi da sunansu da hotonsu.

Abubuwa huɗu ne suka rayar da waɗannan hamayya: makarantu biyu da ke kusa da juna, rana tsayayya da kowa ya sani a kowace shekara, tarihin sakamako da aka adana, da tsofaffin ɗalibai masu komawa kallo da 'ya'yansu. Da wannan ma'auni za a iya auna abin da ke akwai a Arewa.

Daga Kwalejin Katsina zuwa Samaru

Wasannin makaranta na zamani sun shigo Arewa ne tare da ilimin boko. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920, ta haɗa karatu da wasanni irin na makarantun kwana na Ingila, ciki har da kurket da wasan fives, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ya yi karatu a can daga 1926 zuwa 1931, kuma an san shi da ƙwarewa a wasan fives har bayan ya zama Firimiya. Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ita ce Kwalejin Barewa ta yanzu. Tsarin raba ɗalibai gida-gida da gasar shekara-shekara tsakanin gidajen, wanda har yanzu ake yi a makarantun sakandare na Jigawa, gadon wancan zamani ne.

Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ranar 4 ga Oktoba, 1962, ita ce kaɗai jami'a a duk faɗin Jihar Arewa. Duk ɗan Haɗejiya ko Gumel ko Kazaure da ya samu gurbin digiri a gida a wancan lokaci, galibi can yake nufa, don haka tarihin wasannin jami'a na wannan yanki daga Zariya ya faro.

Wasan da ya fi fito da sunan Zariya a duniya shi ne ƙwallon kwando. Mai horarwa ɗan Amurka, Oliver B. Johnson, ya shafe shekaru masu yawa yana koyar da matasa a harabar jami'ar. Cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya kuma jagoranci ƙungiyar Toronto Raptors ta Kanada lokacin da ta lashe gasar NBA a 2019. Abin lura a nan shi ne, Ujiri ya shiga wannan fili ne tun yana yaro ɗan gari. Filin jami'a da aka buɗe wa yaran unguwa shi ne ya ba shi ƙofa.

NUGA: gasar da ba ta da tsayayyen lokaci

Babbar gasar jami'o'in Nijeriya ita ce wadda ƙungiyar wasannin jami'o'i ta ƙasa, wato NUGA, take shiryawa. An fara ta a Jami'ar Ibadan a 1966, lokacin da jami'o'in ƙasar biyar ne kacal: Ibadan, Nsukka, Ife, Legas da Zariya. Ana fafatawa a ƙwallon ƙafa, ƙwallon kwando, ƙwallon raga, ƙwallon hannu, guje-guje da tsalle-tsalle, ninƙaya da sauransu, bayan an yi wasannin share fage shiyya-shiyya.

Arewa ta sha karɓar baƙuncin gasar. Jami'ar Ahmadu Bello ta karɓa fiye da sau ɗaya, na baya-bayan nan a 2001. Jami'ar Bayero ta karɓa a shekarun 1990, Jami'ar Maiduguri ta karɓa daga baya, sai Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi a 2017. Amma a teburin lambobin yabo, Jami'ar Fatakwal ce ta yi kane-kane daga 2014 zuwa 2022, domin ita ta zo ta ɗaya a 2014 da 2017 da 2022.

A ƙa'ida, duk bayan shekara biyu ake yin gasar. A aikace, an yi ta a Benin a 2011, a Ile-Ife a 2014, a Makurɗi a 2017, sannan aka yi shiru har zuwa watan Maris na 2022 da aka haɗu a Jami'ar Legas. Tazarar shekara biyar ta fi tsawon karatun digiri mai shekara huɗu. Annobar korona tana cikin dalilan jinkirin, haka ma yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, wanda ya ɗauki wata tara a 2020. Wasannin 2022 kansu an yi su ne ana tsakiyar wani yajin aikin da ya faro ranar 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Wato 'yan wasa sun wakilci makarantun da azuzuwansu ke garƙame.

Kwalejojin kimiyya da fasaha suna da tasu gasar mai suna NIPOGA, kwalejojin ilimi kuma suna da NICEGA. Wannan rabuwa tana da tasiri kai tsaye a Jigawa, kamar yadda za a gani a gaba.

A matakin duniya, Nijeriya ta taɓa kafa tarihi a wasannin jami'o'i na duniya da aka yi a Edmonton ta Kanada a 1983, inda ta ci lambar zinare biyar ta hannun Chidi Imoh, Innocent Egbunike, Sunday Uti, Yusuf Alli da Ajayi Agbebaku. Akasarinsu a jami'o'in Amurka suka yi karatu da atisaye. Haka labarin Tobi Amusan yake, wadda ta kafa tarihin duniya na daƙiƙa 12.12 a tseren tsallake shinge na mita 100 a 2022, bayan ta bi ta Jami'ar Texas da ke El Paso. A ƙwallon ƙafa kuwa, akwai zamanin da jami'ar gida take ciyar da ƙungiyar ƙasa. Adokiye Amiesimaka ya karanta shari'a a Jami'ar Legas, yana cikin tawagar da ta ci Kofin Afirka a 1980, daga baya kuma ya zama Antoni Janar na Jihar Ribas.

Zariya da Kano: hamayyar uwa da 'ya

Idan akwai jami'o'i biyu a Arewa da suke da duk kayan haɗin hamayya, to Ahmadu Bello ce da Bayero. Ta biyun daga cikin ta farkon ta fito. Ta faro a matsayin Kwalejin Abdullahi Bayero a ƙarƙashin Zariya, ta samu matsayin kwalejin jami'a a 1975, sannan ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Garuruwan biyu suna kan hanya ɗaya, kuma gida ɗaya yakan ƙunshi wa da ya yi Samaru da ƙane da ya yi Kano.

Bayan haka akwai tsohon wasan barkwanci tsakanin Kanawa da Zagezagi, wanda ya girmi jami'o'in biyu nesa ba kusa ba. Ɗaliban Zariya suna tinƙaho da cewa su ne na gaba tun asali, na Kano suna mayar da martani, kuma wannan tsokana ta koma Facebook da X inda take tashi duk lokacin da aka fitar da jerin jami'o'in da suka yi fice. Abin da babu shi ne rana guda a shekara da aka san cewa ƙungiyoyin biyu za su haɗu, bana a Samaru baɗi a Kano. Hamayyar tana raye a baki da waya, filin wasa kuwa sai in jadawalin wata gasa ya haɗa su.

Gasar HiFL

Yunƙuri mafi girma na cike wannan giɓi shi ne gasar ƙwallon ƙafa ta manyan makarantu, HiFL, wadda kamfanin PACE ya ƙaddamar a 2018 tare da haɗin gwiwar NUGA da tallafin bankin Stanbic IBTC. An raɗa wa ƙungiyoyi sunaye irin na Amurka domin magoya baya su samu abin riƙewa: ABU Nobles a Zariya, BUK Stallions a Kano, UNIMAID Desert Warriors a Maiduguri.

Ƙungiyar UAM Tillers ta Makurɗi ce ta ɗauki kofin farko a 2018 bayan ta doke UNICAL Malabites ta Kalaba. A 2019 sai Kalaba ta rama a wasan ƙarshe. Korona ta hana buga gasar a fili a 2020. A 2021 kofin ya tafi Maiduguri, bayan Desert Warriors sun doke ƙungiyar Jami'ar Adekunle Ajasin ta Akungba. Wannan nasara ta ja hankali domin jami'ar tana cikin garin da ya shafe fiye da shekara goma yana fama da rikicin Boko Haram, har an kai hari cikin harabarta a 2017.

Haɗuwar Makurɗi da Kalaba a wasan ƙarshe sau biyu a jere ta nuna yadda hamayya take ƙulluwa cikin sauri idan aka samu maimaici. Dogon yajin aikin 2022 kuma ya nuna yadda take saurin tsinkewa, domin gasar da 'yan wasanta ɗalibai ne ba ta da yadda za ta yi idan an rufe makaranta.

Inda zafin ya koma

Soyayyar ƙwallon da jami'o'i ba su kama ba ta tafi wuri biyu: ƙungiyoyin Turai a talabijin, da ƙungiyoyin jihohi a gasar Firimiyar Nijeriya. A wannan shiyya babu kamar Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta lashe gasar a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta kuma ɗauki kofin ƙalubale a 2019. Kasancewar Jigawa daga Kano aka cire ta ranar 27 ga Agusta, 1991, ya sa "Sai Masu Gida" ba baƙon kirari ba ne a Haɗejiya.

Hamayyar Pillars da Katsina United ita ce misalin yadda goyon baya yake rikiɗewa. A watan Afrilun 2022, wasan da suka buga a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya ƙare da tarzoma, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasar ta ci Pillars tarar naira miliyan 9, ta zare mata maki 3, ta kuma mayar da wasanninta na gida Abuja. A ƙarshen kakar, ƙungiyoyin biyu duka suka faɗa rukuni na ƙasa, suka dawo tare a 2023.

Al'adar Hausa tana da nata tsarin hamayya da ke da linzami. A fagen dambe akwai ɓangarorin Kudu, Arewa da Guramaɗa, kowane da magoya bayansa da makaɗansa, ana kirari ana cika baki, amma an san alƙali, an san inda wasa yake tsayawa. Wasan barkwanci tsakanin garuruwa da ƙabilu, irin na Fulani da Barebari, shi ma hanya ce ta mayar da tsohuwar gaba ta zama raha. Duk gasar makarantu da za a kafa a wannan yanki tana da waɗannan misalai biyu a gabanta, na Ƙofar Mata da na fagen dambe.

Makarantun da ke akwai

Masarautar Haɗejiya, wadda Mai Martaba Alhaji Adamu Abubakar Maje yake sarauta tun 2002, ta ƙunshi ƙananan hukumomi 8 daga cikin 27 na jihar: Haɗejiya, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori. Manyan makarantunta biyu su ne Jami'ar Sule Lamiɗo da ke Kafin Hausa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke garin Haɗejiya, wadda ta samo asali daga kwalejin aikin gona.

An kafa jami'ar Kafin Hausa a 2013 da sunan Jami'ar Jihar Jigawa, daga baya aka sa mata sunan gwamnan da ya kafa ta. Jami'ar Tarayya ta Dutse ta girme ta da shekara biyu, domin tana cikin waɗanda gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa a 2011. Akwai kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Ɓaɓura da aka amince da ita a 2021, da Jami'ar Khadija mai zaman kanta a Majiya, da Kwalejin Ilimi ta Gumel, da Kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure.

Waɗannan shekaru suna da muhimmanci. Lokacin da aka buɗe jami'a ta farko a Jigawa, NUGA ta riga ta shekara 45. Tsofaffin ɗaliban Dutse da Kafin Hausa yawancinsu matasa ne da ke neman abin yi, ba su kai matsayin da za su gina wa makarantarsu fili ko su ɗauki nauyin kofi ba. Tushe na huɗu na hamayya, wato tsofaffin ɗalibai masu hali, lokaci ne kaɗai zai kawo shi.

Sauran tushen uku kuwa suna hannun hukuma. Dutse da Kafin Hausa suna jiha ɗaya, ɗaya ta tarayya ɗaya ta jiha, ɗaya a babban birni ɗaya a masarautar da ke alfahari da tarihinta, tun daga zamanin Sarki Buhari har zuwa turjiyar da aka yi wa Turawa a 1906. Haɗejawa da Gumulawa kuma abokan wasan juna ne, amma makarantar Haɗejiya tana ƙarƙashin NIPOGA, ta Gumel tana ƙarƙashin NICEGA, saboda haka babu inda jadawalin waɗannan gasa biyu na ƙasa zai haɗa su. In za su haɗu, sai dai a gasar da aka tsara a cikin jiha.

Filin wasa da Golden Stars

Ƙungiyar jihar, Jigawa Golden Stars, mallakin gwamnati ce kamar Pillars da Katsina United, kuma filin wasa na garin Haɗejiya ya kasance gidanta a kakanni daban-daban. Ta samu hayewa gasar Firimiya a 2019. Sai dai a wannan zama na rukunin manya, a wajen jihar ta riƙa karɓar baƙinta, da farko a Kano, daga baya a Kaduna, saboda filayen gida ba su cika sharuɗɗan gasar ba. Ta sake faɗuwa a 2021 tare da Adamawa United, Warri Wolves da FC Ifeanyi Ubah.

Ma'anar wannan ga ɗan kallo a Haɗejiya a fili take: a lokacin da ƙungiyarsa ta kai matakin da Enyimba da Rangers za su zo mata, sai ya biya kuɗin mota zuwa wata jiha kafin ya ga wasan da ake kira na gida. Masu sayar da abinci, masu acaɓa da masu masauki su ma sun rasa cinikin ranar wasa.

Akwai kuma batun siyasa. A zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, wanda ya yi mulki daga 2015 zuwa 2023, 'yan jarida sun riƙa kiran ƙungiyar da laƙabin "Badaru Boys". Ƙungiyar da sunanta da kuɗinta suke bin gwamnan da ke kan kujera tana wahalar tara magoya bayan da za su gada daga uba zuwa ɗa. Haka kofunan da 'yan takara suke sakawa a unguwanni idan zaɓe ya ƙarato, su ɓace bayan an rantsar da gwamnati. Ƙungiyar makaranta tana da wata fa'ida a nan, domin makarantar tana nan ko wace jam'iyya ce ke mulki.

Kogi da kalanda

Kogin Haɗejiya yana samun ruwansa ne daga kogunan Kano da Challawa, waɗanda aka datse da madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Daga nan yake bazuwa cikin fadamun Haɗejiya zuwa Nguru, inda dubban iyalai suke rayuwa a kan noman shinkafa da alkama, kamun kifi da kiwo. Ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa ta ƙara tsananta ambaliya. A 2020 da 2022 ruwa ya ci gonaki da gidaje a ƙananan hukumomi da dama na yankin, ya yanke hanyoyi, matasan garin Haɗejiya suka riƙa kwana a bakin jinga suna cika buhuna da ƙasa domin kare gari.

Wannan yana shafar wasanni ta fuskoki uku. A watannin Agusta da Satumba, filayen da ke kwari sukan zama tafki, makarantu kuma sukan zama matsugunin waɗanda ruwa ya raba da gidajensu. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana yakan haura digiri 40, wanda ke sa wasan ƙarfe huɗu na yamma ya zama haɗari ga lafiya in babu ruwan sha da ma'aikatan jinya. Abin da ya rage shi ne tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin sanyin hunturu, wanda shi ma yake cin karo da noman rani, musamman tun bayan ƙaddamar da aikin ban ruwa na kwarin Haɗejiya a Auyo a watan Janairun 2023. Ɗalibin da ya fito daga gidan manoma yana da aikin da ke jiran sa a ƙarshen mako.

Saboda haka gasar da aka tsara jadawalinta daga Legas ko Abuja ba lallai ta dace da wannan yanki ba. Gajeriyar gasa ta wata uku a lokacin sanyi, a filin da aka yi wa magudanar ruwa, ita ce yanayin ƙasar zai iya ɗauka.

Kuɗi da alhaki

Wasannin jami'a a Nijeriya suna samun kuɗi ne daga wurare uku. Na farko shi ne kuɗin wasanni da akasarin makarantu suke sakawa cikin kuɗin rajistar kowane ɗalibi, ko yana wasa ko ba ya yi. Na biyu shi ne kason gwamnatin da ta mallaki makarantar. Na uku shi ne tallafin kamfanoni, wanda ya fi karkata ga manyan birane. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, ya fi mayar da hankali ne ga gine-ginen koyarwa, ɗakunan karatu, bincike da horar da malamai. A matakin tarayya, an rushe ma'aikatar wasanni a watan Oktoban 2024, aka dawo da Hukumar Wasanni ta Ƙasa ƙarƙashin shugabancin Shehu Dikko.

Gwamnan Jigawa mai ci, Malam Umar Namadi, wanda ya hau mulki ranar 29 ga Mayu, 2023, ɗan Kafin Hausa ne, garin da jami'ar jihar take. Kasafin kuɗin jiha takarda ce ta jama'a, kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi bayani, a amsa masa cikin kwana bakwai. A watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa dokar ta hau kan jihohi ma, ba hukumomin tarayya kaɗai ba.

Tambayoyin da ƙungiyoyin ɗalibai da na matasa za su iya miƙawa a rubuce ba su da wuya. Nawa aka tara da sunan kuɗin wasanni a zangon da ya wuce, kuma me aka yi da shi? Masu horarwa nawa makarantar take biya albashi? Shin ana mutunta al'adar barin yammacin Laraba babu lacca domin wasanni, kamar yadda jami'o'i da dama suka tanada? Wane tanadi aka yi wa ɗalibai mata, ta fuskar fili da sutura da lokacin da ya dace da su? Nawa aka ware wa filin wasa na Haɗejiya a kasafin bana, nawa aka saki, kuma wane kamfani aka ba aikin?

Wasan shekara-shekara tsakanin Dutse da Kafin Hausa, ko tsakanin Haɗejiya da Gumel, ba ya buƙatar sabuwar doka daga majalisa. Yana buƙatar shugabannin makarantu biyu su sa hannu a kan rana ɗaya, a samu alƙalan wasa daga hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, a tanadi jami'an tsaro da motar asibiti, a raba wuraren zaman magoya baya, sannan a buɗe littafin da za a riƙa rubuta sakamako. Michigan da Ohio sun fara nasu littafin ne da wasa ɗaya a watan Oktoban 1897.